KUKAN YARO DA DARE: KAFIN A CE ALJANU NE



Tambayar da iyaye mata suka fi turo min kwanan nan ita ce: "Malam, yarona ɗan shekara 2 yana tashi da tsakar dare yana ihu, ko aljanu ne?" Wata ma har ta fara zargin kishiyarta da maita. Subhanallah! Wannan zargin kaɗai ya isa ya raba gida, kuma zunubi ne babba.

'Yan uwa, mu fara da sabubban da ido yake gani. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a dare da rana. Abubuwan da suke katse masa shi sanannu ne: fitowar turamen haƙori, yaye, yunwa, zafin ɗaki, cizon sauro, zazzaɓi, da tsutsar ciki mai sa ƙaiƙayin dubura da dare. Akwai kuma firgitar barci: yaro ya yi ihu ido a buɗe, bai gane uwarsa ba, da safe bai tuna komai ba. Irin wannan kada a jijjiga shi a ce sai ya farka. A zauna kusa da shi har ya lafa.

Ga shawarata:

1. A tsayar masa da lokacin kwanciya guda, a ɗauke waya daga hannunsa tun Magariba. A hadisin Jabir, Annabi (SAW) ya umarci a tsare yara a gida idan dare ya fara shiga.

2. A yi masa addu'ar tsari. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana nema wa Hasan da Husaini tsari. Ki karanta Ƙulhuwallahu, Falaƙi da Nasi, ki tofa a hannu ki shafa masa.

3. A kwantar da shi cikin gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi ko ya fara jijjiga, asibiti za a nufa a daren, ana tafe ana addu'a.

4. Don Allah kada a ɗura masa Piriton ko maganin tari ko jiƙo don kawai ya yi barci. Wannan amana ce ba abin gwaji ba.

Sai kai maigida. Annabi (SAW) yakan taƙaita sallar jam'i idan ya ji kukan yaro, saboda tausayin uwar. To ina kai da kake juya baya kana tsaki, ko ka koma wani ɗaki? Karɓi yaron ko na awa ɗaya ne, ta samu ta runtsa. Macen da ta kwana uku ba barci, haƙurinta zai ƙare, kuma a kan yaron zai ƙare.

Ke kuma uwa, in kin ji ranki ya ɓaci, ajiye shi a wuri mai aminci, ki yi alwala, ki dawo. Kada ki dake shi, kada ki zage shi. Wannan tashin daren da kike yi, in kin gyara niyya, yana cikin mizaninki.

Allah Ya raya mana zuriya bisa Sunna. Wallahu a'alam.