Ikon Hukuma Aro Ne

Wajen shekara ta 57 Manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na Roma cewa su yi wa mahukunta biyayya, su kuma biya haraji (Romawa 13:1-7). Kaisar Niro ne ke bisa gadon sarauta a lokacin, mutumin da daga baya ya tsananta wa Ikkilisiya ƙwarai. Ashe ba hukumar kirki kaɗai Bulus yake nufi ba. Amma a cikin ayoyin nan ya kira mai mulki ma'aikacin Allah, ma'aikaci kuwa ba ya wuce umarnin maigidansa.

Daniyel sura 6 ta nuna inda iyakar take. Dokar da ta hana a roƙi kowa sai sarki har kwana 30 ta cika kowace ƙa'ida: Dariyus ya sa mata hannu, dokar Mediya da Farisa kuma ba ta sākuwa. Duk da haka hatimin sarki bai mai da mugunta ta zama adalci ba. Shi kansa Dariyus ya kwana ba ci ba barci saboda abin da dokarsa ta jawo. Abin lura shi ne halin Daniyel. Bai tara jama'a domin tawaye ba, bai kuma rufe tagoginsa ba. Ya ci gaba da addu'a sau uku a rana kamar yadda ya saba, ya karɓi hukuncin da ya biyo baya.

Haka Babban Bishop Janani Luwum na Uganda ya yi. A watan Fabrairu 1977 shi da sauran bishop-bishop suka aika wa Idi Amin takardar kuka a kan kisan gilla da ɓacewar mutane. Aka kama shi ranar 16 ga watan, kashegari gwamnati ta ce ya mutu a hatsarin mota. Raunukan harsashi aka samu a gawarsa.

Akwai masu fakewa da irin waɗannan labarai domin su ƙi biyan haraji ko su raina kotu, suna cewa ai Allah ne kaɗai shugabansu. Wannan ba halin Daniyel ba ne. Shekaru da yawa ya yi yana wa sarakunan da ba su san Allah ba hidima, har maƙiyansa suka bincika aikinsa na mulki, ba su sami ha'inci ko sakaci ba. Doka ɗaya tak ya ƙi bi, wadda ta shiga tsakaninsa da Allahnsa.