Lambu Mai Shayar da Kansa: Darasi Daga Bayan Ajujuwanmu

Duk wanda ya zagaya bayan ajujuwa a makon da muka dawo daga hutun Disamban bara, ya ga abin da muka gani. Fangali huɗu na alayyafo da salak da tumatir da albasa, waɗanda muka yi wata biyu muna wahala a kansu, duk sun bushe ƙurmus. Mako uku babu mai ban-ruwa, ga iskar hunturu tana zuƙe ɗan danshin da ya rage. Kuɗin iri da na taki da na ruwan da muka riƙa saye a wurin 'yan garuwa, duk daga karo-karon aljihunmu suka fito.

Wannan asara ce ta sa muka tunkari Malamin Kimiyya da Malamar Aikin Gona da tambaya ɗaya: shin akwai yadda lambu zai shayar da kansa? Suka ce akwai, muka kuma gwada. Ga abin da muka koya, har da inda muka yi tuntuɓe.

Ban-ruwa ba baƙo ba ne a wurinmu

A Kaduna ruwan sama yakan sauka ne daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Sauran watannin kuwa, duk mai son ganye ɗanye sai ya yi ban-ruwa. Kakanninmu da jigo suke ɗebo ruwa daga rafi ko rijiya su kwarara wa fangali. Yau idan ka bi gaɓar Kogin Kaduna da rani, ƙarar injinan ban-ruwa za ka ji. A jihar Kano ma an gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, wadda ke shayar da gonakin su Kadawa da Kura. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ake ɗiba a duniya, noma ne ke shanye shi.

To, ta jigo ne ko ta inji, tambayoyi biyu ne ke gaban mai lambu kullum: yaushe zan ba da ruwa, kuma nawa? Na'urar da za mu yi bayani, waɗannan tambayoyin kaɗai take amsawa. Amma ba ta san amsar da kanta ba. Mu ne za mu koya mata.

Lissafi kafin sayen kaya

Ku riƙe wannan ƙa'ida: milimita 1 na ruwa a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, daidai yake da lita 1. A ranakun rani kayan lambun da suka girma kan buƙaci wajen milimita 5 zuwa 7 a wuni. Mu ɗauki 6.

Kowane fangalinmu mita 1 ne a faɗi, mita 5 a tsawo, wato murabba'in mita 5. Fangali huɗu sun zama 20. Idan muka ninka 20 sau 6, mun sami lita 120 a wuni, kusan jarka biyar mai lita 25. Tankinmu na lita 1,000 ne, saboda haka kwana takwas zai yi ya ƙare. Hutun mako uku kuwa yana buƙatar lita 2,520.

Kun ga darasi na farko ke nan. Na'ura ba ta haifar da ruwa. Ko da ita, dole a sami wanda zai cika tanki sau biyu a tsakiyar hutu.

Sassan na'urar

Idan Baba mai lambu zai yi ban-ruwa, yakan tsoma yatsa a ƙasa ya ji danshinta, ya yanke shawara a ransa, sannan ya buɗe hanyar ruwa da hannu. Ita ma na'urar yatsa gare ta da ƙwaƙwalwa da hannu.

Yatsan shi ne ma'aunin danshi, wani ɗan falle mai kamar wuƙa da ake cakawa a ƙasa. Iri biyu ne a kasuwa. Mai ƙafa biyu na ƙarfe tsirara ya fi araha, amma tsatsa kan cinye shi nan da nan. Mai falle ɗaya da aka lulluɓe da fenti ya fi ƙarko, shi muka zaɓa.

Ƙwaƙwalwar wata 'yar ƙaramar kwamfuta ce da ba ta fi kwalin ashana girma sosai ba. Fitattu biyu ne. Akwai Arduino, wadda aka ƙirƙiro a garin Ibreya na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai irinmu. Akwai kuma ESP32, ta kamfanin Espressif na birnin Shanghai a ƙasar Sin, wadda ta fito a 2016. Mun ɗauki ta biyun saboda tana da Wi-Fi a jikinta.

Hannun kuwa abu biyu ne, makunnin da ake kira rile da kuma bawul. Ƙwaƙwalwar da wuta 'yar kaɗan take aiki, ba za ta iya juya bawul ba. Sai ta taɓa rile, shi kuma ya saki wutar batir mai ƙarfin bolt 12, bawul ya buɗe, ruwa ya bi tiyo mai ƙananan huji yana ɗiga a gindin kowace shuka.

Sauran kayan su ne batir, ƙaramin farantin sola da na'urar daidaita cajinsa, matatar ruwa, da ɗan ƙwallo mai yawo a saman ruwan tanki wanda ke nuna ko ruwa ya yi ƙasa. Ƙarfen da muka ɗora tanki a kai, maƙeran Panteka ne suka haɗa mana shi.

Gargaɗi: kada ɗalibi ya kusanci wutar NEPA da sunan wannan aiki. Ruwa da wuta mai ƙarfin bolt 230 ba sa ga-maciji. Komai namu a kan batir yake, kuma ba ma jona waya sai Malam yana tsaye.

Matakan haɗawa

1. A ɗaga tanki sama. Kowace mita ɗaya ta tsawo ƙarfin turi kaɗan take bayarwa, wajen kashi ɗaya cikin goma na ma'aunin da ake kira bar. Bawul da yawa, irin na injin wanki, ba sa buɗewa sosai sai da turi mai ƙarfi. Saboda haka a gaya wa mai shago cewa daga tanki ruwan zai gangaro, ko a nemi bawul mai ɗan moto a ciki.

2. A sa matata tsakanin tanki da tiyo. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe huji.

3. A auna abin da huji ke zubarwa. An rubuta lita 2 a awa a jikin kwalin tiyonmu, amma rubutun kwali daban, abin da ke ɗiga a lambu daban. A ajiye gwangwani a ƙarƙashin huji na minti 15, a auna, a ninka sau huɗu. A ce fangali yana da huji 32, kowanne yana ba da lita 2 a awa, jimla lita 64 ke nan. Lita 30 ɗin da fangalin ke buƙata za ta zuba cikin kusan minti 28.

4. A caka ma'auni inda saiwa take, kamar taƙi ɗaya daga huji. Idan ya manne da huji, zai jiƙe da wuri ya ce an ƙoshi, alhali shuka na jin ƙishi. Kan ma'aunin, inda wayoyi suke, a rufe shi kada ruwa ya taɓa.

5. A koya wa ƙwaƙwalwa bushewa da jiƙewa. ESP32 ba ta san kalmar danshi ba, lamba take gani daga 0 zuwa 4095. A irin ma'auninmu, lambar kan hau idan ƙasa ta bushe, ta sauka idan ta jiƙe. Mun yi mako guda muna rubuta lambar safe da yamma, Malama kuma tana dunƙula ƙasar a tafin hannu. Idan ta dunƙulu ba ta fitar da ruwa ba, danshi ya yi daidai. Idan ta wargaje, lokacin ban-ruwa ya yi. Kada wani ya kwafi lambar wani, domin jigawa da laka ba sa riƙe ruwa iri ɗaya.

6. A sa iyaka biyu, ba ɗaya ba: lambar buɗewa da lambar rufewa, da tazara a tsakaninsu. In iyaka ɗaya ce, bawul zai yi ta buɗewa yana rufewa har ya lalace.

7. A ƙayyade lokaci. Mun zaɓi bayan sallar asuba, kafin rana ta ɗaga ta ƙafar da ruwan.

Haɗa ta da tsarin sarrafa gida

Akwai gidajen da fitila da fanka da famfon tura ruwa duk ake sarrafa su daga wuri ɗaya, a waya ko kwamfuta. Ɗaya daga cikin manhajojin da ke wannan aiki ita ce Home Assistant, wadda aka fara a 2013, kuma kyauta ce. Ana ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi ko tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka. Wata manhaja mai suna ESPHome ce ke sa ESP32 ta yi magana da ita ta Wi-Fi. A lura, ESP32 irin tamu da Wi-Fi mai lamba 2.4 kaɗai take aiki, ba ta ganin mai lamba 5.

Da zarar sun haɗu, sai a rubuta dokoki masu sigar "idan kaza ya faru, a yi kaza". Ga namu: idan ruwan tanki ya yi ƙasa, a hana bawul buɗewa, a aika wa Malam saƙo. Idan batir ya yi rauni, a sanar. Manhajar tana kuma zana jadawalin danshi na kowace rana, wanda muka manna kofinsa a gefen wannan shafi.

Sai dai mun bar ainihin dokar ban-ruwa a cikin ESP32 ɗin kanta, ba a kwamfutar ofis ba. Dalili kuwa kowa a Unguwar Sanusi ya san shi: ana iya ɗauke wuta, data na iya ƙarewa. Idan haka ta faru saƙo ne kawai ba zai je ba, amma lambu zai sha ruwansa.

Ranar da tanki ya ƙare

Wata Litinin muka iske fangali ya zama taɓo, tanki kuma wayam. A lokacin ba mu riga mun sa ƙwallon tanki ba. Da muka duba, sai ga ma'auni yashe a kan ƙasa, ga kuma sawun akuya. Ta shigo ta ɓarakar shinge ta tumɓuke shi. Shi kuwa ma'auni da ya ji iska, sai ya ce ƙasa ta bushe iyakar bushewa. Ƙwaƙwalwa ta gaskata shi, ta buɗe bawul tana jiran danshin da ba zai taɓa zuwa ba. Ruwan mako guda ya tafi a safiya ɗaya, wasu tumatir kuma suka yi yaushi, domin ita ma saiwa tana buƙatar iska.

Da muka fara zagin na'ura, Malam ya ce, "Yara, ku daina ganin laifinta. Abin da kuka gaya mata ta yi. Abin da ba ku gaya mata ba ne ya cuce ku."

Ran nan muka ƙara doka: ko me ma'auni ya ce, kada bawul ya wuce minti 30 a buɗe a wuni, kuma in lambar ba ta motsa ba bayan an yi ban-ruwa, a aika saƙo. Muka kuma toshe shingen da ƙaya. Baba maigadi, wanda ya yi shekaru yana noman rani kafin ya zo nan, dariya kawai ya yi ya ce da shi ne, tun daga bakin ƙofa zai gane. Gaskiyarsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Yanzu idan an yi hutu, ɗalibai biyu da ke kusa kan leƙa lambun duk bayan kwana uku, su duba tanki da matata da ganye.

Aikin wannan mako

1. Lambun gidanku mita 2 ne a faɗi, mita 3 a tsawo. Lita nawa zai sha a wuni idan buƙatarsa milimita 6 ce? Kwana nawa duro mai lita 200 zai yi masa?

2. Me ya sa ake sa iyaka biyu maimakon ɗaya?

3. Wace doka za ku ƙara wa na'urar idan damina ta faɗi?

4. Ku huda murfin gorar ruwa da allura, ku yanke gindinta, ku kifa ta kusa da shuka, ku auna awa nawa take yi kafin ta ƙare. Wannan ma ban-ruwan ɗigo ne, ba tare da kashe ko sisi ba.

A jefa amsoshi a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis, da suna da aji. Masu sha'awar zurfafa wannan ilimi su sani ba sai sun yi nisa ba: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna nan kusa da mu a Tudun Wada, ga Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya. Wanda kuma yake son ganin na'urar da idonsa, ya same mu a bayan ajujuwa ranar Laraba lokacin tara, ya zo da littafi da biro. Muna neman mutum biyu da za su karɓi aikin rubuta lambar danshi a zango mai zuwa.

Daga Sashen Kimiyya, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.