Ɗaukar Hoton Safiya da Dabarar Haɗa Haske da Duhu

'Yan'uwana ɗalibai, abin da nake so in yi bayani a kai shi ne yadda ake ɗaukar hoton fili da sassafe, da yadda ake gyara shi ya fito kamar yadda ido ya gan shi.

Yayana da ke aiki a Legas ya aiko mini da tsohuwar wayarsa, ya ce ladan da yake so kawai shi ne in aika masa da hoton gulbin Zamfara a nan Jega, inda ya yi wanka yana yaro. Bayan sallar asuba na tafi bakin gulbi. Gabas ta yi ja, ruwa yana ƙyalli, ga masunta suna shirin shiga. Na ɗauka, na duba, sai na ga sama ta yi kyau amma gaɓar gulbi ta yi baƙi ƙirin. Na taɓa wajen gaɓar a fuskar waya na sake ɗauka, ƙasa ta fito, sama kuwa ta koma fara fat kamar takarda.

Dalilin wannan kuwa shi ne, ido da kyamara ba aikinsu ɗaya ba ne. Idan mutum ya dubi sama, ƙwayar idonsa takan tsuke. Idan ya dubi inuwa, sai ta buɗe, ƙwaƙwalwa kuma ta haɗa masa duka ba tare da ya sani ba. Ita kyamara sau ɗaya take buɗe ido a kowane hoto, saboda haka tilas ta zaɓi ɗaya, ko sama ko ƙasa. Da sassafe kuwa ratar da ke tsakanin hasken gabas da duhun ƙasa tana da yawa ƙwarai.

Wannan matsala ba ta yau ba ce. Tun wajen shekarun 1850 wani Bafaranshe mai suna Gustave Le Gray yakan ɗauki hoton teku daban, na sama daban, sa'an nan ya wanke su a kan takarda ɗaya. Dabarar da ake kira HDR a yau jikanyar wannan ce. Kamfanin Apple ya sa ta cikin wayar iPhone a 2010, yanzu kuwa wayoyi da yawa suna da ita. Abin da take yi shi ne ɗaukar hotuna da dama cikin ƙiftawar ido, ta haɗa su wuri ɗaya.

Amma wanda yake so ya gane abin sosai, gara ya yi da hannunsa. A ɗauki hoto uku na wuri ɗaya. Na farko a bar ma'aunin haske a kan 0. Na biyu a rage zuwa -2, domin gajimare da jan gabas su fito. Na uku a ƙara zuwa +2, domin a ga abin da ke cikin inuwa. Kowane mataki ɗaya ninki biyu ne na haske, watau mataki biyu ninki huɗu ke nan. Sharaɗi babba shi ne kada wayar ta motsa ko kaɗan. Ni ba ni da abin kafa kyamara mai ƙafa uku, sai in jingina ta da dutse ko in ɗora ta kan sirdin keke, in sa agogon jinkiri don kada taɓawar yatsa ta girgiza ta.

Abin da ke motsi kuma yakan ɓata aiki. A Aliero, garin albasa, na ɗauki wani lambu da safe, ashe jaki yana wucewa a gefe. Da aka haɗa hotunan sai ga jaki da kai biyu. Haka ganye yake yi idan iska na kaɗawa. Maganin abin shi ne a dakata har wuri ya natsa. In kuwa akwai mutane, musamman mata masu wanki a bakin ruwa, a nemi izini, ko a juya wani wajen.

Game da lokaci, a kula. Mu nan muna kusa da tsakiyar duniya, rana tana hawa a miƙe, don haka kyakkyawan hasken safiya ba ya daɗewa. A watan Janairu rana takan fito wajen ƙarfe 7, a Yuni kuwa kafin 6 da rabi. A isa wurin da minti 30 kafin nan. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, ba a bukatar wannan wahala duka, gama ƙura ta riga ta rage ƙarfin rana, hoto ɗaya ya isa. A ganina damina ta fi, lokacin da gero ya yi kai a gonakin hanyar Maiyama, gajimare kuma ya taru a gabas.

Saura gyara, wanda nan ne na fi yin ɓarna. Manhajar tana ba mutum damar rage hasken sama, da ɗaga inuwa, da ƙara launi. Daɗin abin ya kwashe ni, na ja kowanne har ƙarshe. Ruwan gulbi ya koma shuɗi kamar an zuba masa baba, wani farin zobe ya kewaye kowace bishiya, inuwa ta ɓace sarai. Na nuna wa Baba ina jiran yabo. Ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Wannan wace ƙasa ce?"

Tun daga ranar nakan bar inuwa da ɗan duhunta, gama safiya ba ta rasa inuwa, kuma galibi sama takan fi ƙasa haske. Idan na ga farin zoben nan ya fara fitowa a gefen bishiya, na san na wuce gona da iri, sai in koma baya. Launi kuwa ba na taɓa shi sai kaɗan. Ruwan gulbinmu da damina ja-ja ne, haka nake barinsa.

Na koma bakin gulbi sau huɗu kafin in sami wanda na aika Legas. Yayana bai ce kome a kan kyan hoton ba. Tambayata kawai ya yi, wai ina bishiyar da ke hannun dama, wadda suke rataye riguna.