Clomid ba tsarabar Umra ba ce

Ni ma'aikaciyar saidaliyya ce, wato kantin magani, a nan Jidda, kuma da wuya mako ya fita ba a miƙo mini waya da hoton kwalin Clomid ba. "Hajiya, ƙanwata ce a Kano, shekara huɗu da aure shiru. An ce na Saudiyya ya fi ƙarfi." Lokacin Umra abin ya fi ƙamari, so ake a haɗa shi da dabino da zamzam a kai gida. Ba na bayarwa sai da takardar likita, kuma raina na ɓaci idan na tuna irin kuɗi da fatan da ake zubawa a kan wannan ƙwaya.

Aikin Clomid guda ne: yana zaburar da jiki ya fitar da homon da ke sa ƙwai ya nuna ya fito. Ƙwayar miligiram 50 ce, ana sha kwana biyar a farkon al'ada, likita na bibiya da sikanin, kuma ba a son a wuce wata shida ana maimaitawa. Macen da ba ta sakin ƙwai, musamman mai lalurar PCOS, tana amfana da shi sosai, ko da yake yanzu likitoci da yawa sun fi fara mata da Letrozole. Amma in bututun mahaifa ne ya toshe, ko kwali nawa ta shanye hanya ba za ta buɗe ba. Abin da za ta iya kwasa shi ne kumburin ma'ajiyar ƙwai, dishi-dishin gani, da sirancewar bangon mahaifar da ake son cikin ya zauna a kai.

Tambayar da ke kashe hira kullum ita ce: maigidan fa, an gwada shi? Kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri, akwai hannun namiji a ciki, gwajin maniyyi kuwa ya fi yawancin gwaje-gwajen mace sauƙi da araha. Amma ita ce ke haɗiyar magani, ita ce ke haɗiyar gorin dangi.

Wanda nake miƙawa hankalina kwance shi ne folik asid, maikrogiram 400 kullum, tun kafin a samu ciki har ya kai mako 12. Ba ya kawo ciki, lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa yake karewa, waɗanda ke haɗuwa cikin kwana 28 na farko, lokacin da uwar ma ba ta gama sanin tana da juna biyu ba. Bitamin D ma yana ƙaranci ga mata a nan duk da ranar Jidda, don zaman cikin gida muke yi, sai a auna jini kafin a sha mai ƙarfi. Bitamin A mai yawa kuwa yana iya nakasa ɗan tayi, don haka a daina tara kwalaben bitamin uku-huɗu ana sha tare.

'Yar'uwa, in shekara ta cika kuna tare babu ciki, ko wata shida in kin haura 35, ku je wurin likitan mata ke da maigida, a duba homon, a duba bututu, shi ma a gwada shi.