Yadda Za Ka Cire Makunnin Fitilar Ƙofa Da Ya Lalace A Tsohuwar Mota

Idan a gidanku akwai tsohuwar mota irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, wataƙila ka taɓa ganin fitilar rufinta ta ƙi mutuwa ko da an rufe ƙofa. Kada ka raina wannan matsala. Ƙwan fitila mai wat 10 a kan batir mai bolt 12 yana jan kusan amfiya 0.8. Idan motar ta yi kwana biyu a ajiye, za ka iya zuwa da safe ka tarar ta ƙi tashi.

Sau da yawa mai laifin shi ne ɗan makunnin da ke jikin ginshiƙin ƙofa, kusa da inda ƙofar ke maƙale.

Yadda yake aiki

Irin aikin fitilar firji yake yi. Wuta tana zuwa ƙwan fitilar daga batir a kowane lokaci, abin da ya rage mata shi ne hanyar komawa. A mota, ƙarfen bodi ne wannan hanya. Idan ka buɗe ƙofa, sifirin zai turo kan makunnin waje, ya haɗa wayar da bodi, sai fitila ta kama. Idan ka rufe, ƙofar ta danne shi, haɗin ya yanke. Shi ya sa galibi waya ɗaya tak za ka gani a bayansa.

Ka fara tabbatarwa

Ka sa maɓallin fitilar rufin a matsayin ƙofa. Buɗe ƙofa ɗaya, sauran a rufe, ka danna makunnin da yatsa. Idan fitilar ta mutu, makunnin lafiya lau yake, ƙofar ce ba ta danne shi sosai. Idan kuma fitilar ba ta kamawa a ƙofa ɗaya kawai, ƙwai da fis ba su da laifi, tsatsa ce ta ci makunnin wannan ƙofa.

Kayan aiki

Sukudireba, ƙaramin sifana, filaya, salatef, sanfefa da man fesa tsatsa irin WD-40.

Matakai

1. Cire kan batir na negetif.
2. Janye robar da ta rufe makunnin, idan akwai.
3. Duba yadda aka ɗaure shi. Wani da sukuru ɗaya ne, wani murɗa shi ake yi da sifana, wani kuma cusa shi kawai aka yi, sai ka ɗago gefensa da bakin sukudireba. Ka sa ƙyalle a ƙasa don kada ka kankare fenti.
4. Idan sukurun ya cije, fesa masa mai ka jira minti 10. Kada ka yi masa ƙarfi, kansa zai lalace.
5. Jawo makunnin a hankali har wayar ta leƙo.
6. Kafin ka zare wayar, ka riƙe ta da filaya ko ka ɗaura mata zare ka manna da salatef a waje. Nan ne mutane suka fi shan wahala: wayar gajeriya ce, idan ta suɓuce ta faɗa cikin ginshiƙin, fito da ita aiki ne ja.
7. Zare wayar daga makunnin.

Bayan ka cire

Goge bakin ramin da ƙarfen makunnin da sanfefa har su yi haske. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa. Idan sifirin ya karye, ka tafi da tsohon kasuwar kayan gyara don a ba ka mai tsayi ɗaya da shi.

Idan ba yau za ka saka sabo ba, ka naɗe bakin wayar da salatef sosai kafin ka mayar da kan batir. Da zarar ta taɓa bodi fitilar za ta sake kamawa, batir ya ci gaba da zuƙewa. Idan kuwa ka ga wayar ta ƙone ko ta narke, kai motar wurin mai rewaya.