Tantin Alfarma a Masai Mara: Gargaɗi ga Masu Zuwa Kallon Namun Daji

Gandun dajin Masai Mara yana kudu maso yammacin Kenya, a gundumar Narok. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 1,500, ta kudu kuma ya haɗe da Serengeti ta Tanzaniya, ba shinge a tsakani. Daga Yuli zuwa Oktoba garken nyumbu, dangin kanki da gwanki, fiye da miliyan ɗaya, kan hauro daga Serengeti tare da jakunan dawa su tsallaka kogin Mara. A wannan lokaci ne sansanonin tanti ke cika maƙil, farashi ya yi sama. A sansanin alfarma kwana ɗaya kan haura dala 1,000 ga mutum guda. Kuɗin shiga gandun kansa, tun 2024, dala 200 ne a rana ga baƙon waje daga Yuli zuwa Disamba, dala 100 kuma daga Janairu zuwa Yuni.

Wannan kuɗi yana sayen katafaren tanti mai gado da katifa, da banɗaki a ciki, da ruwan zafi, da kuku, da buɗaɗɗiyar mota mai jagora da ke fita da baƙi sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan la'asar. Shinge ba ya cikin lissafin. Da gangan ake barin yawancin sansanonin a buɗe, kuma da yawansu a bakin kogin Mara ko na Talek aka kafa su, kan hanyoyin da dorina da ɓauna da giwa suka saba bi tun kafin a kafa turken tanti ko ɗaya. Shi ya sa kowane sansani ke da doka guda da ba a sassautawa: da zarar duhu ya yi, baƙo ba ya taka waje sai da rakiyar askari, wato mai gadin dare. Akwai oba-oba a gefen gado don kiransa. Kyan wurin ne ke mantar da mutane wannan doka. Mutum ya ga farin zanen gado da fitilu, sai ya ɗauka yana wani otal ne a Abuja.

A wani watan Agusta wani attajiri daga arewacin Najeriya ya sauka a ɗaya daga cikin sansanonin bakin kogin Mara, da uwargidansa da ɗansu saurayi mai shekara ashirin da 'yan kai. Mai wannan rubutu, wanda aikinsa raka ayarin baƙi ne zuwa irin waɗannan wurare, yana sansanin da wani ayari daban, shi ne kuma ya yi tafinta da abin ya faru. Wani ejan a gida ne ya sayar wa iyalin attajirin da tafiyar, mutumin da sana'arsa yankan tikitin jirgi ce, bai taɓa taka dajin ba. Ya sa su a mota daga Nairobi da rana ta riga ta take, suka iso daf da magariba, a gajiye liƙis. Manajan sansanin ya zo yi musu bayanin ƙa'idoji, Alhaji ya ce a bari sai gobe, ya sa hannu a takardar da aka miƙa masa ba tare da ya karanta ba. Duk da haka manajan ya faɗi dokar dare a taƙaice, ya nuna musu oba-obar. Saurayin yana can yana ɗaukar hoton tantin da waya.

Washegari suka ci karo da wata cita, 'yar'uwar damisa mai tsananin gudu, da 'ya'yanta ƙanana, tana fakon barewa. Jagoran ya tsaya nesa ya kashe inji. Alhaji ya zaro dala 100 ya ce a sauka daga hanya a matsa kusa. Jagoran ya ce, "Mzee, ka yi haƙuri. In na matsa za ta bar farautar, yaran nan su kwana da yunwa." Da yamma Alhaji ya kai ƙara wurin manaja, wai direban ba shi da ladabi, a canza masa wani. Ba a canza ba, amma daga nan iyalin suka daina sauraron duk abin da ma'aikata suka ce.

A daren nan Alhaji ya ce wa ɗansa ya zo tantinsa da asuba su yi sallah tare. Tsakanin tantunan biyu bai wuce taku arba'in ba. Wajen ƙarfe biyar da kwata yaron ya zuge zif ya fito da fitilar waya. Daga baya ya ce nauyin tayar da dattijon mai gadi ya ji, a kan 'yar tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Dorina tana kwana kiwo ne a tudu, da ƙaratowar alfijir sai ta nufi ruwa ta hanyar da ta saba, kuma duk abin da ya shiga tsakaninta da kogi ba ta kauce masa. Ganin kitse ake yi wa rogo: dabba ce mai nauyin tan ɗaya da rabi, amma a gajeren zango tana gudun kusan kilomita 30 a awa. Wata dorina mai komawa kogi ce ta bangaje shi, ta cafki cinyarsa, ta yar. Askarin, wani dattijon Masai, yana ɗaya ƙarshen sansanin yana raka mai kai shayin safe. Da jin ihu ya sheƙo da tocila da mashi yana kururuwa, har dabbar ta wuce kogi.

Ƙashin cinya ya karye, jini na zuba. Manajan ya ɗaure ƙafar ya kira jirgin ɗaukar marasa lafiya, aka tambayi lambar inshora. A takardar da ejan ya ba Alhaji akwai layin kuɗin inshora, an biya. Aka buga wa ejan waya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na ɗauka sansanin ne ke yin wannan." Bai sayi komai ba, kuɗin ya shige aljihu. Sai da Alhaji ya ba da katin bankinsa a matsayin lamuni, Hajiya na riƙe da kan ɗanta tana salati. Yawancin filayen jirgin Mara na tsakuwa ne, ba fitilu, dole aka jira gari ya waye sosai. An ceto ƙafar a wani asibiti a Nairobi, amma saurayin da ɗingishi ya koma gida. Abin da ya fi ciwo ya biyo baya. Iyalin suka rubuta ƙorafi cewa mai gadi ya yi sakaci, kamfanin sansanin kuma, don a kashe maganar, ya sallami dattijon da ya tunkari dorina da tocila saboda ɗan wani. Ejan ɗin yana nan yana sayar da tafiye-tafiye.

Ba a fita daga tanti cikin duhu ba askari, ko da taku biyar ne. Maganar jagora a daji umarni ce. Wanda bai ga takardar inshora da sunansa da lambarta ba, ba shi da inshora. Sallar asuba kuwa ba ta taɓa zama matsala a sansani ba: ruwan alwala yana cikin tanti, mai son jam'i ya gaya wa manaja tun dare, askari zai zo ƙofa a lokacin da aka ce. Aikinsa ke nan, albashinsa yake karɓa a kai, ba a jin nauyinsa.

Batun citar nan ma ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da Femke Broekhuis ta wallafa a 2018 kan citocin Mara ya nuna cewa a inda motocin baƙi suka yi yawa, uwa kan raini ɗa 0.2 kacal a matsakaici daga haihuwa guda har ya tsaya da ƙafarsa, a inda motoci ba su da yawa kuwa 2.3. Cita da rana take farauta, daidai lokacin da motoci ke yawo. A yankin Mara Triangle, wanda Mara Conservancy ke gudanarwa tun 2001, ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita 25, kada motoci su wuce biyar a kan dabba ɗaya, in akwai masu jira kuma minti goma kowa ke samu. Baƙi ne ke karya wannan da tukwici. Direban da ke jiran na goro a ƙarshen tafiya sau da yawa ba ya iya cewa a'a, sai ya kutsa, tara ta hau kansa ko a hana shi shiga, baƙon kuma ya hau jirgi da hotunansa. A mashigar kogi abin ya fi muni. A Yulin 2025 an ga bidiyon Kogatende, a arewacin Serengeti, inda motoci suka tare gaɓa, mutane suka firfito suna ɗaukar hoto, garken nyumbu ya rasa inda zai bi. Ba a sauka daga mota. Ba a tafi ko fito don zaki ya ɗago kai. Ba a miƙe tsaye a leƙo da jiki waje kusa da damisa.

Baragurbin ejan-ejan sun fi kowa ɓata wannan sana'a. Su ne ke yi wa mutum alkawarin fitar dare da tafiya a ƙasa a cikin gandun, alhali an hana su a can. Ana yin su ne a filayen da ke kewaye, irin su Mara North da Olare Motorogi da Naboisho, inda sansanoni ke hayar ƙasa daga hannun 'yan Masai masu ita, aka kuma ƙayyade yawan gadaje da motoci. Su ne ke cewa tabbas za a ga tsallaken kogi ranar kaza, ga shi ana iya wuni a gaɓa garke ya juya ya koma. Su ne kuma ke sayar da masaukin da ke can bayan ƙofa da sunan yana tsakiyar Mara. A tambayi sunan kamfanin Kenya da zai riƙe tafiyar, a duba ko yana da lasisin hukumar kula da yawon buɗe ido ta ƙasar, ko yana cikin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta KATO. A tambayi matakin jagoran a jarrabawar ƙungiyar jagorori ta KPSGA, tagulla ne ko azurfa ko zinariya. Ejan ɗin da ya kasa amsa waɗannan ba ejan ba ne. AMREF Flying Doctors, masu jirgin ɗaukar marasa lafiya da ke tashi daga filin jirgin Wilson a Nairobi, na sayar da rajistar ɗan gajeren lokaci ga baƙi, kuma kuɗinta bai kai ko kusa da kwana ɗaya a tanti ba. A ga takardar da ido kafin a bar gida.

Daga Wilson ɗin ne ƙananan jirage ke kai mutane Mara cikin kusan awa ɗaya, maimakon awa biyar zuwa shida a mota, kuma kilo 15 suke yarda da shi, a jaka mai laushi. Mai tahowa daga Najeriya sai da katin rigakafin shawara. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a nemi shawarar likita a kansa, kada mutum ya ce ai ya saba. Safiyar Mara akwai sanyi, don tudu ce mai tsayin fiye da mita 1,500, a riƙe rigar sanyi.

Sai guzuri. Kilishi da dambun nama da ake cusawa a jaka a ajiye a tanti gayyata ce ga kura, tamfol kuma ba ya tsare ta. Gwaggon biri ya iya zuge zif da rana. A miƙa wa kicin duk wani abinci su adana, mai buƙatar naman halal kuma ya sanar tun lokacin biyan kuɗi, domin daga Nairobi ake kawo kayan. Sansanoni da yawa ba sa karɓar ƙananan yara, masu karɓa kuma ba sa barin yaro ya kwana shi kaɗai ko ya yi gudu a fili. Wannan ma sai an tambaya tun kafin a biya, kada a iso da jikoki a tsaya ana musu da manaja a bakin ƙofa. Saurayi ko budurwar da aka ba tanti daban kuwa, a tsayar da su su ajiye waya su saurari bayanin ranar farko da kunnensu, a gwada musu oba-obar har sai an ji sun kira an amsa.