Yadda Ake Tabbatar da Lambar da Ta Gagari Rabawa

A watan Oktoban 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, ya gano lamba mai alƙaluma 41,024,320 wadda babu abin da ke raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Ana samun ta idan aka jera 2 har wuri 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Jama'a kan ɗauka ƙarfin kwamfuta ne kawai ya yi aikin. Amma da hanyar makaranta aka bi, wato a gwada raba ta da 3, da 5, da 7 har gaba, duk kwamfutocin duniya ba za su gama ba ko da sun shekara biliyoyi. Sirrin yana cikin ƙirar lambar da kuma dabarar Édouard Lucas, Bafaranshen da ya tabbatar da irinta mai alƙaluma 39 a 1876 da hannu kawai. Derrick Lehmer ne ya kyautata dabarar a 1930.

Da farko dole yawan 2 ɗin da aka jera ya zama shi ma lamba marar rabuwa, ko da yake hakan bai wadatar ba: 11 na ba da 2047, wato 23 sau 89. Bayan an tace masu ƙananan marabai, sai gwajin kansa. A fara da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake tuhuma, a riƙe ragowar, a maimaita da ita. Yawan zagayen shi ne yawan 2 ɗin ban da biyu. Ɗauki 31, mai 2 wuri biyar, zagaye uku ke nan: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194, ragowa 8, 8 ta ba da 62, ragowa sifiri. Sifirin ƙarshe shi ne hujja, duk abin da ya fito ban da shi kuwa ya nuna lambar tana rabuwa.

Rabawar ba ta da wuya ga kwamfuta, tunda da 0 da 1 take ƙirga. A wurinta 194 ita ce 11000010. Don samun ragowarta a kan 31, ta yanke alƙaluma biyar na ƙarshe, ƙimarsu 2, ta tara da na gaba, ƙimarsu 6, ga 8 ta fito ba tare da an raba komai ba. Wurin ninkawa ne ake zufa. Lamba mai miliyoyin alƙaluma ba ta ninkuwa ɗaya bayan ɗaya, sai an daddatsa ta an bi da ita ta dabarar Fourier, wadda ke aiki da kintace har a mayar da sakamako cikakkiyar lamba. Idan gutsattsarin sun yi girma kintacen ya kauce, idan sun yi ƙanƙanta aikin ya yi ta jan ƙafa. Alƙalami ɗaya ya karkace a zagaye na dubu, duk miliyoyin zagayen da suka biyo baya sun tashi a banza, kuma babu alamar da za ta nuna a fuskar sakamakon. A nan gwanintar George Woltman take, wanda ya kafa GIMPS, shirin sa-kai na farautar irin waɗannan lambobi, a 1996, kuma aiki ne da ya cancanci jinjina.

Mai ja zai ce: yaya za a gaskata abin da babu ɗan Adam da zai iya bi da hannu? Tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce ana sake gwajin a wata na'ura dabam, a kwatanta wutsiyar ragowar. Kuskure biyu na tsautsayi da wuya ƙwarai su faɗa wuri guda. Lambar Durant ma sai da aka maimaita ta da manhajoji dabam-dabam kafin a sanar. Tsananin lissafin nan har na'urar kanta yake tuhuma: a farkon 2016 manhajar shirin, Prime95, ce ta tona wani aibi a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Skylake, sai da kamfanin Intel ya fitar da gyara.